Hanyoyin Nijar: inda kuɗin gini da na gyara ke fitowa, da yadda ake tsara aikin

Nijar ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000. Ba ta da bakin teku, ba ta kuma da jirgin ƙasa mai aiki. Saboda haka kusan duk abin da ke motsi a cikinta a kan taya yake tafiya: shinkafa da sukari masu shigowa daga tashoshin ruwa, albasar Galmi da ayar Maraɗi da tattasan Difa masu fita, dabbobin da ake kaiwa kasuwannin Najeriya, da marar lafiyar da aka turo daga asibitin ƙauye zuwa birni. Idan hanya ta lalace direba ne ke fara ji a jikin motarsa, amma daga ƙarshe mai saye a kasuwa ne ke biya.

Kuɗin hanyoyi a Nijar aljihu biyu ne. Na farko shi ne na sabon gini da sake gina hanyar da ta mutu, kuma akasarinsa daga waje yake zuwa, bashi ko tallafi. Na biyu shi ne na kula da hanya bayan an buɗe ta, kuma wannan daga cikin gida ake tara shi, ta hanyar kuɗin da ake cirewa a kan man fetur da wanda ake biya a shingayen hanya. Aljihun farko shi ake gani a bukukuwan ɗora tubali da yanke ƙyalle. Na biyun shi ne ke nuna ko hanyar za ta yi shekara ashirin ko kuwa shekara bakwai.

Girman hanyoyin da rabe-rabensu

Hanyoyin da hukuma ta lissafa sun kai kimanin kilomita 20,000, kuma waɗanda ke da kwalta a cikinsu ba su wuce kashi ɗaya bisa huɗu ba. Sauran na jar ƙasa ne, ko kuwa turba ce kawai da sawun motoci ya fitar. An raba su gida-gida: manyan hanyoyin ƙasa masu lamba RN, hanyoyin karkara, da titunan cikin gari.

Ƙashin bayan duka tsarin ita ce RN1, wadda ake kira Hanyar Haɗin Kai. Ta taso daga iyakar Mali, ta ratsa Tilaberi, Yamai, Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Tasawa, Damagaram, Gure da Difa har zuwa Ngigmi. Daga Yamai zuwa Maraɗi kimanin kilomita 660 ne, zuwa Damagaram kuwa wajen 900. Daga jikinta sauran suke rassa: RN7 daga Doso zuwa Gaya a iyakar Benin, RN9 daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa a hanyar Katsina, RN11 da ta haɗa Agadas da Damagaram ta wuce Magarya zuwa iyakar Najeriya, sai hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit a arewa. A wurare da dama RN1 ba ta da madadi. In ta yanke, gabas da yammacin ƙasa sun rabu ke nan.

Taƙaitaccen tarihi

A zamanin mulkin mallaka, da aikin tilas aka share turbobin farko, har sai da aka soke shi da dokar 1946. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram kuwa ta Kano take fita, domin jirgin ƙasa ya iso can tun 1911, sannan ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930. A farkon shekarun 1950 Faransawa suka ƙirƙiro shirin da suka kira Opération Hirondelle don karkatar da kayan zuwa Dahomey, wato Benin ta yau: motoci su sauke a Paraku, jirgin ƙasa ya ƙarasa da su Kotonu. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, wadda daga baya aka sani da OCBN, don tafiyar da wannan layi mai tsawon kilomita 438. Tun daga lokacin har zuwa 2023, Kotonu ce babbar ƙofar Nijar zuwa teku.

Bayan samun mulkin kai a 1960, an shimfiɗa yawancin manyan hanyoyi da taimakon waje. An buɗe gadar Kennedy a Yamai a 1970. Ƙasar Kanada ta taimaka wajen gina ɓangaren gabas na RN1 a shekarun 1970. A ƙarshen waɗannan shekaru, lokacin da yuraniyom ke da tsada, aka gina hanyar Tawa zuwa Arlit mai tsawon fiye da kilomita 600, tare da gudummawar kamfanonin haƙar ma'adinin.

Da farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, kuɗin gyara ne aka fara tsukewa, domin albashi da biyan bashi ba sa jira, hanya kuwa ba ta zanga-zanga. Sai ga karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, wadda ta ninka farashin duk abin da ake shigowa da shi, daga kwalta har kayan gyaran katafila. A wannan zamani ne gwamnati ta fara janye hannunta daga yin gyara da ma'aikatanta da injunanta, ta koma ba kamfanoni kwangila.

Masu tsarawa da matakan aiki

Ma'aikatu huɗu ne ke da hannu kafin 2023. Ma'aikatar gine-gine da hanyoyi ita ke da alhakin nazari, gini da sa ido. Ma'aikatar sufuri ita ke kula da dokokin tuƙi, lasisin jigila da harkar jiragen sama. A wasu gwamnatoci ana haɗe waɗannan biyu, a wasu a raba su. Ma'aikatar tsare-tsare, kafin 2023, ita ke jera ayyuka bisa fifiko tana kuma tattaunawa da masu ba da kuɗi, ma'aikatar kuɗi kuwa ita ke sakin abin da aka ware.

A rubuce, kowace hanya daga cikin babban tsari take fitowa. Akwai tsarin dogon zango mai suna SDDCI Nijar 2035, sannan an yi tsare-tsaren raya ƙasa na PDES: na 2012 zuwa 2015, na 2017 zuwa 2021, da na 2022 zuwa 2026. Tun 2018 kuma ake rubuta kasafin kuɗi bisa shirye-shirye, kamar yadda ƙungiyar UEMOA ta umarta, wato kowace ma'aikata ta faɗi abin da za ta cim ma da kuɗin, kamar yawan kilomitocin da za ta gina ko ta gyara.

Kafin katafila ta taɓa ƙasa, aiki yakan bi matakai. Da farko a ƙidaya motocin da ke bin hanyar a rana da irin lodinsu. Sai a lissafa ribar da jama'a za su samu: raguwar kuɗin mai da tayoyi, lokacin tafiya, da kayan gona da ba za su ruɓe ba. Sai nazarin injiniyoyi a kan ƙasa da magudanan ruwa, da nazarin muhalli wanda ke lissafa gonaki da gidajen da za a biya diyya. Bayan an samu kuɗi a buga sanarwar neman ƴan kwangila, a zaɓi kamfani, a kuma ɗauki wani ofishi na daban da zai sa masa ido. Idan an gama, ana karɓar aiki sau biyu: karɓar wucin gadi, sannan ta ƙarshe bayan wa'adin garanti, wanda yawanci shekara guda ne. Daga nazarin farko zuwa buɗe hanya akan ɗauki shekaru da dama, kuma idan nazari ya tsufa kafin kuɗi su samu, dole a sake shi.

A aikace, lissafin riba ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Hanyar da ta ratsa hamada ba za ta taɓa yin motoci kamar ta Maraɗi zuwa Ɗan Isa ba, amma ana gina ta saboda tsaro da haɗin kan ƙasa. Alƙawuran siyasa suna da nasu tasiri, haka ma abin da mai ba da kuɗi ya fi so ya sa hannu a ciki.

Kuɗin sabon gini

Harajin da Nijar ke tarawa kaɗan ne in an kwatanta da girman tattalin arzikinta. UEMOA ta sa wa ƙasashenta mizanin kashi 20 cikin ɗari, Nijar kuwa ta daɗe tana wajen rabin haka. Abin da ya shigo ana rabonsa tsakanin tsaro, albashi, makarantu, asibitoci da biyan bashi. Shi ya sa babbar hanya da wuya a gina ta da kuɗin baitulmali kaɗai. Hanyoyin samun kuɗin guda huɗu ne.

Na farko tallafi, wanda ba a biya. Tarayyar Turai ta daɗe tana ba da irinsa don manyan hanyoyi. Hukumar MCC ta Amurka ta sa hannu da Nijar a 2016 kan yarjejeniyar dalar Amurka miliyan 437, wadda wani ɓangarenta ya tafi ga gyaran RN7 daga Doso zuwa Bela da RN35 daga Margu zuwa Gaya. Ƙasar Sin ita ta ɗauki nauyin gada ta biyu ta Yamai da aka buɗe a 2011, da ta uku mai sunan Janar Seyni Kunce da aka buɗe a 2021.

Na biyu bashi mai sauƙi, mai ƙaramin ruwa da dogon wa'adi, daga Bankin Duniya, Bankin Raya Afirka (BAD), Bankin Musulunci (BID), bankin BOAD na yammacin Afirka, bankin BADEA, da asusun Saudiyya da na Kuwait. Gadar Farye a kan kogin Neja, mai sunan Djibo Bakary, da hanyar Arlit zuwa Asamaka a iyakar Aljeriya, suna cikin aikin hanyar ratsa Sahara da BAD ke tallafawa. Sau da yawa masu ba da bashi biyu ko uku ne ke haɗuwa a kan hanya guda, kowa da nasa yanki da nasa sharuɗɗa.

Na uku bashin kasuwa, inda gwamnati ke sayar da takardun lamuni ga bankunan yankin UEMOA. Wannan ya fi saurin samuwa, amma ruwansa ya fi yawa kuma wa'adinsa gajere ne, alhali hanya ba ta mayar da kuɗinta cikin shekara uku ko biyar.

Na huɗu haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne filin jirgin saman Diori Hamani, wanda kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta kafin taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019, bisa sharaɗin zai riƙe shi shekara 30 yana mayar da kuɗinsa daga abin da jirage da fasinjoji ke biya. Wannan salo yana da wuya a kan hanyoyin mota na Nijar, domin motocin da ke bi ba su da yawan da kuɗin shinge zai biya gini. Akwai kuma gudummawar kamfanonin ma'adinai: a yarjejeniyar Mayun 2014, kamfanin Areva ya yi alƙawarin yuro miliyan 90, kimanin sefa miliyar 59, don gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit.

Ko da kuɗin waje sun samu, gwamnati tana da nata kaso. Yawanci ita ke biyan diyyar masu gonaki da gidaje, da wani ɓangare na kuɗin aikin. Jinkirin sakin wannan kaso na cikin manyan dalilan da ke sa a ga injuna a ajiye a bakin hanya wata da watanni, domin mai ba da bashi ba ya ci gaba da biya sai an cika sharaɗinsa.

Kuɗin gyara: daga CAFER zuwa FER

Gyaran hanya iri uku ne. Akwai na kullum: cike ramuka, toshe tsagewa, yashe magudanai kafin damina, kwashe yashin da iska ta tara. Akwai na lokaci-lokaci: sabon shafen kwalta bayan kamar shekara bakwai zuwa goma, ko sabon zubin jar ƙasa bayan shekara uku zuwa biyar. Sai kuma sake gini, idan an bar na farko da na biyu har gindin hanyar ya lalace. Na ukun ya ninka sauran tsada sau da yawa, kuma shi ne ke mayar da ƙasa wajen neman sabon bashi a kan hanyar da wataƙila ba a gama biyan bashinta na farko ba.

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Wani rahoton Bankin Duniya na 1988 ya ƙiyasta cewa ƙasashe 85 masu tasowa sun yi asarar hanyoyi na dalar Amurka miliyar 45, asarar da gyaran miliyar 12 zai iya hanawa. Daga nan aka fito da dabarar ware asusu na musamman: mai amfani da hanya ya biya, kuɗin su tafi kai tsaye ga gyara ba tare da sun gauraya da sauran kuɗin gwamnati ba.

Nijar ta kafa irin wannan asusu a 1999 da sunan CAFER. A 2017 aka maye gurbinsa da FER, wato Asusun Gyaran Hanyoyi. Sauye-sauyen da suka biyo baya sun raba aiki: FER ya tara kuɗi ya biya, hukumar AMODER ta ba da kwangilar gyara ta bi sawunta, wani sashe na daban ya yi bincike. Hikimar ita ce kada hannu ɗaya ya riƙe kuɗi, ya ba da aiki, ya kuma duba kansa.

Asusun yana samun kuɗi daga wurare uku. Mafi girma shi ne kason da ake cirewa a kan kowace litar fetur da gazuwal. Sai kuɗin shingen hanya da aka fi sani da péage. Sai kuɗin awo da tarar motocin da suka wuce ƙima. Kowanne yana da inda yake yoyo. Kason mai yana iya makalewa a baitulmali idan gwamnati na cikin matsi. Man da ake shigowa da shi ta bayan fage, wanda ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe a Maraɗi, Ƙonni da Damagaram, ba ya biyan ko dala ga asusun, alhali motar da ta sha shi tana taka hanyar. Wannan kasuwa ta ragu bayan Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, abin da ya ƙara wa matatar SORAZ, mai tace ganga 20,000 a rana, nauyin buƙata. A shinge kuwa, duk motar da ta wuce ba tare da an yanka mata tikiti ba, kuɗin sun shiga wani aljihu ne daban. Ga kuma hauhawar farashi: kuɗin shinge yakan daɗe bai canja ba, amma kwalta, siminti da gazuwal suna ƙara tsada.

Abubuwa biyu masu cinye hanya

Na farko lodi fiye da ƙima. Injiniyoyi suna auna nauyin da ke kan kowane layin tayoyi, wanda ake kira essieu da Faransanci. Gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna cewa ɓarnar tana hawa fiye da yadda nauyin ke hawa: idan aka ninka lodin layi ɗaya sau biyu, illarsa ga kwalta tana ninkuwa kusan sau 16. Ke nan tirela guda mai lodin wuce gona da iri tana yi wa hanya abin da dubban ƙananan motoci ba za su yi ba. Dokar UEMOA mai lamba 14 ta watan Disamban 2005 ta ƙayyade tan 11 da rabi ga layi ɗaya, da tan 51 ga babbar mota mai layi shida, ita da kayanta. An sha ɗage ranar fara aiki da dokar gaba ɗaya.

Masu motoci suna da tasu hujja. Motocin da dama tsofaffi ne, kaya masu shigowa sun fi masu fita yawa, don haka mota takan tafi bakin teku kusan wayam. Ga kashe-kashen kuɗi a shingayen jami'ai. Mai mota yana ganin in bai ƙara lodi ba, tafiyar ba ta biya shi. Amma ƙarin lodin yana fasa hanya, fasasshiyar hanya tana cin taya da sifirin, shi kuma ya sake ƙara lodi don ya mayar da asara. Sikeli kaɗai ba ya warware wannan, sai an haɗa da sabunta motoci, rage shingaye, da hana lodin tun daga tashar ruwa da masana'anta.

Na biyu ruwa. Kwalta ba ta jure ruwan da ya kwanta a ƙarƙashinta, kuma ƙoramar da ta bushe wata tara tana iya kwashe gada cikin dare ɗaya. A watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke RN1 a Sorey, kusa da Yamai, har aka koma ƙetarar da mutane da kwalekwale, manyan motoci suka yi layi a gefe biyu. Gadoji da magudanai da dama an auna su ne da ruwan shekarun fari na 1970 da 1980. Faɗaɗa su yana ƙara tsadar gini, amma gyaran gaggawa bayan kowace damina daga kuɗin gyaran kullum ake ɗibarsa.

Hanyar teku da maganar jirgin ƙasa

Daga Kotonu zuwa Yamai fiye da kilomita 1,000 ne. Kaya masu nauyi a irin wannan nisa jirgin ƙasa ya fi dacewa da su, kuma zai sauke wa kwalta nauyi. An gwada. Kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗa layin Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, a 2014, aka ƙaddamar da shi a Janairun 2016. Sai dai ba a haɗa shi da Paraku ba, shari'a ta taso a Benin tsakanin Bolloré da kamfanin Petrolin na Samuel Dossou kan wanda ke da haƙƙin aikin, kuma layin bai yi jigilar kasuwanci ba. Dogon da bai kai tashar ruwa ba, ba shi da kayan da zai ɗauka.

A kudu kuwa akwai layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kimanin kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Gwamnatin Najeriya ce ta ba kamfanin Mota-Engil kwangilarsa a kan kusan dalar Amurka miliyar 2, aka ƙaddamar da aikin a Fabrairun 2021. Amfaninsa ga Nijar zai danganta da abin da aka tanada a Maraɗi: wurin sauke kwantena, ofishin duwan, rumbuna, da hanyoyin da za su ɗebe kayan zuwa Tawa, Damagaram da Yamai.

Birane da karkara

Titunan manyan biranen jihohi sun samu kaso mai yawa daga bikin 18 ga Disamba mai zagayawa: Doso Sogha a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018, Tilaberi Candalo a 2019. Yamai kuma ta samu gadojin sama, irin su Mali Bero da Diori Hamani. Bayan biki, share magudanai da gyaran titi yakan koma wuyan ma'aikatar magajin gari, wadda harajin kasuwa da na tasha ba sa isar ta. Jigilar mutane a cikin gari kuwa kusan gaba ɗaya tana hannun masu taksi, ƴan kabu-kabu da masu adaidaita, ba tare da kuɗin gwamnati ba.

Mafi yawan ƴan Nijar a karkara suke, kuma a can kilomita 20 na jar ƙasa kan iya canja farashin buhun wake ko ceton mai naƙuda. Hanyar karkara ta fi ta kwalta araha nesa ba kusa ba, sai dai ta fi saurin lalacewa. Bankin Duniya ya amince da wani shiri na irin waɗannan hanyoyi a 2019 don jihohin Doso, Tawa, Maraɗi da Damagaram. Wanda zai riƙa gyara su bayan shiri ya ƙare shi ne abin da ba a cika fayyacewa ba, tsakanin gwamnatin tsakiya, ƙananan hukumomi da kwamitocin ƙauyuka.

Bayan 26 ga Yulin 2023

Sauyin mulki na 2023 ya nuna yadda aljihun farko ya dogara da waje. CEDEAO da UEMOA sun ƙaƙaba takunkumi, masu ba da tallafi da dama suka dakata. A watan Oktoba aka rage kasafin shekarar da kusan kashi 40 cikin ɗari, daga sefa miliyar 3,291 zuwa 1,981. Yarjejeniyar MCC ta dalar Amurka miliyan 504 da Nijar da Benin suka sa wa hannu a Disamban 2022, wadda ta ƙunshi gyaran hanyar Yamai zuwa Doso, ta tsaya a ɓangaren Nijar. An ɗage takunkumin CEDEAO a Fabrairun 2024, Bankin Duniya ya dawo da biyan kuɗi a wannan shekara, amma Nijar ta bar iyakarta da Benin a rufe bisa dalilan tsaro.

Kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso zuwa Tera, cikin ayari da rakiyar sojoji. Tafiyar ta fi tsawo da tsada, kuma ta ɗora manyan motoci a kan hanyoyin da ba a auna su don irin wannan lodi ba. Rashin tsaro ma yana da nasa farashi a kan gini: aikin hanyar Difa zuwa Ngigmi da iyakar Cadi ya tsaya shekaru saboda hare-haren Boko Haram. A ɗaya gefen, fitar da ɗanyen man Agadem ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar Benin, wanda ya fara a 2024, ya buɗe wata sabuwar ƙofar kuɗin shiga. Nawa ne daga ciki zai tafi ga hanyoyi, kuma nawa ga gyara, magana ce ta kasafin kowace shekara.

Abin da ake dubawa wajen bitar tsarin

Masu bitar tsarin sufuri, ko na gwamnati ne ko na masu ba da bashi, tambayoyi kaɗan suke maimaitawa, kuma duk mai bin labaran hanyoyi zai iya yin su idan an sanar da sabon aiki.

Kuɗin tallafi ne ko bashi, kuma in bashi ne, nawa ne ruwansa, shekara nawa ne wa'adinsa? An ware kason gwamnati da diyyar mutane a kasafin bana? Nawa kilomita guda ta ci, in an kwatanta da makamanciyarta? Ta hanyar gasa aka ba da kwangilar ko kai tsaye? Wane ofishi ke sa ido, kuma ana buga rahotonsa? An auna gadoji da magudanai da ruwan shekarun nan? Akwai sikeli mai aiki a kan hanyar?

Ga asusun gyara kuwa, alƙaluma uku ne ke bayyana halin da ake ciki: abin da injiniyoyi suka ce ana buƙata a shekara, abin da aka tara daga mai da shingaye, da abin da ya isa hannun kamfanonin gyara kafin saukar ruwan farko. Idan tazarar da ke tsakanin na farko da na uku ta yi yawa shekara bayan shekara, hanyoyin da ake buɗewa yau za su shiga jerin masu jiran sake gini tun kafin a gama biyan bashinsu.